Babi na Shida: Abin da Tsohon Fad Yake Faɗa

Wata ranar Asabar da hantsi ina zaune a benci a wani gareji da ke bayan titin Gado Nasko a Kubwa, ina jiran a canza wa motata baƙin mai, sai ga wata babbar jif baƙa ta shigo, irin wadda mutum kan ga fuskarsa a jikinta. Direba ya fito daga gaba, maigidan ya fito daga baya, kuma tun kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa faɗa yake yi.

"Wata huɗu! Wata huɗu kacal da na ba ka kuɗin birkin nan, yau kuma ka ce mini ya ƙare? Ko ci kake yi?"

"Ranka ya daɗe, wallahi a gabana aka ɗaura shi. Tun shekaranjiya yake ƙara in na taka."

"A gabanka, ai na sani. Kai da su bakinku ɗaya."

Direban dattijo ne, furfura ta fara cin gemunsa. Bai ƙara cewa uffan ba, ya koma gefe ya tsaya yana kallon ƙasa. Bakaniken kuwa, wani Bazazzagi da ya koyi aiki a Panteka ta Kaduna, bai tanka wa kowa ba. Ya sa yaransa suka ɗaga motar da jak, suka kwance tayoyin gaba, ya zaro fad guda huɗu, biyu daga dama biyu daga hagu, ya jera su a kan wani kwali a gaban maigidan.

"Alhaji," in ji shi, "kafin a kai ga rantsuwa, bari a tambayi waɗannan."

Na sha jin irin wannan rigima, kuma kusan kullum a kan direba take ƙarewa, don shi ne na kusa, shi ne kuma ba shi da bakin musu. Mutumin da ya zuba miliyoyi ya sayi mota yana ganin bai kamata wani abu nata ya ƙare da wuri ba. Tsohuwar Corolla ɗin matarsa ta shekara biyu da fad ɗaya, to don me wannan, da ta ninka ta kuɗi sau da yawa, za ta cinye nata kafin damina ta fita? Tambayar tana kan hanya. Amsarta ce ba ta inda yake nema.

Birki ba ya kashe gudu, juya shi yake yi ya zama zafi. Duk wanda ya taɓa murza tafukansa da sanyin hunturu ya san yadda abin yake. A irin wannan jif, bayan kowace taya akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da ita, shi makanikai ke kira dis. A kansa akwai wani abu mai kama da awartaki, wato kalifa, wanda ke riƙe da fad biyu, ɗaya ciki ɗaya waje. In direba ya taka, man birki ya tura fistin, fistin ya matse fad a jikin faifai, gogayya ta haifar da zafi, mota ta rage gudu. Shi fad ɗin da gangan aka yi shi don ya ƙare, kamar sabulu a hannu, domin gara ya siɗe da faifan ya siɗe. Sabo yakan zo da nama mai kaurin milimita 10 zuwa 12, in ya dawo kamar 3 lokacin canji ya yi.

Yawan zafin nan abu biyu ke kawo shi, nauyi da gudu. Corolla tana da nauyin kilo 1,300 ko kusa da haka. In tana gudun kilomita 100 a awa aka tsayar da ita cak, zafin da birkinta zai haɗiye ya isa ya kai ruwa lita ɗaya da rabi ga tafasa. Lexus LX 570 kuwa ta kai kilo 2,700, Land Cruiser V8 da aka yi ta ƙerawa daga 2007 zuwa 2021 ita ma tana nan kusa. A gudu iri ɗaya, tsayawa ɗaya, nata zafin ya haura na lita 3. Nauyi ya ninka, zafi ya ninka. Gudu kuma ya fi nauyi mugunta, don shi ba ninki ɗaya yake yi ba. Jif ɗin nan in ta tashi daga 100 zuwa 140, ƙarin da mai kwance a kujerar baya ba zai ko ji a jikinsa ba, zafin tsayawarta ya kusa ninkawa, ya kai na lita 6 da rabi. Mai shayi sai ya jira mintoci kafin butarsa ta yi haka. Birki cikin daƙiƙoƙi kaɗan yake shanye shi, kuma kaso mafi yawa a tayoyin gaba, saboda doguwar mota in ta taka birki nauyinta gaba yake rinjaya, kamar raƙumin da zai durƙusa.

Masu ƙera motocin ba su jahilci wannan ba. Sun ba su manyan faifai da faffaɗan fad, kuma Toyota da ta fito da sabuwar Land Cruiser a 2021 ta rage mata nauyi da kimanin kilo 200. Sai dai duk girman faifai yana bukatar iska da lokaci kafin ya huce, kuma abin da hanyar Kubwa ba ta bayarwa ke nan.

Kubwa tana ƙaramar hukumar Bwari, sama da kilomita 20 daga tsakiyar birni. Tun da gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991 garin yake cika da ma'aikata, har ya zama ɗaya daga manyan wuraren kwanan Abuja. Da safe kowa ya nufi gari, da yamma kowa ya juyo. Babban titin Murtala Mohammed, wanda ya taso daga Zuba ya bi ta Dei-Dei da Kubwa da mahaɗar Dutse da Gwarinpa da Katampe har AYA, an faɗaɗa shi ya zama layi 10. Faɗin nan yana kiran ƙafa zuwa totur. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta ƙayyade wa ƙananan motocin gida kilomita 100 a awa a irin wannan titi, amma wanda ke cikin mota mai silinda takwas, gilashi a rufe, sanyi na busawa, ba ya jin 100 a matsayin gudu. Sai ya miƙa. Minti biyu, sai ga tasi ta tsaya ɗaukar fasinja a bakin mahaɗa, ko tifa ta shigo layi, ko mutane sun tsallaka a ƙarƙashin gadar da aka gina musu. Ya taka da ƙarfi. Hanya ta buɗe, ya sake miƙawa. Da gosulo ne zalla, da sauƙi, don a tafiyar hawainiya zafin kaɗan ne. Da tafiya ce doguwa kamar ta Kaduna, faifai zai huce tsakanin taki da taki. Wannan hanyar ta haɗa biyun ta mummunar fuska: gudu mai yawa, tsayawa mai yawa, hutu kaɗan. Mai karatu da ke bin ta gobe da safe ya gwada ƙirga sau nawa ƙafarsa ta taɓa birki tsakanin Kubwa da Maitama. Littafin motar ma, in an buɗe shi, yana da jadawali dabam na abin da ya kira aiki mai tsanani, kuma ƙura da yawan tsayawa da ɗaukar kaya suna cikinsa. Mu a nan shi ne aikinmu na yau da kullum.

A Oktoban 2023, da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan manyan jif da za a saya wa sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360, hujjar masu kare sayen ita ce hanyoyin ƙasar nan sun lalace, ƙaramar mota ba za ta jure ba. Akwai gaskiya a batun ramuka. Amma motar da aka saya don ramukan ƙauye, rabin rayuwarta a kwaltar Abuja take yi, tana ɗauke da nauyin da ba ta bukata a can, kuma birki ne ke biyan kuɗin dakonsa. Mai sulke kuwa ba a magana. Farantin ƙarfe da gilashin da harsashi ba ya ratsawa suna ƙara mata tan guda ko fiye. Mota mai tan 4 a gudun 140, zafin tsayawarta ya kusa na lita 10, ninki shida na Corolla ɗin da muka fara da ita. Kamfanin sulke na ƙwarai yakan canza birki da sifirin su dace da sabon nauyin. In aka yi sulken arha aka bar birkin da motar ta zo da shi, ko kuma aka zo canji aka ɗaura mata fad na wadda ba ta da sulke, ƙarewa da wuri shi ne mafi ƙanƙantar abin da zai faru.

Sai ƙafar direba. Ba zan wanke direbobi tas ba. Akwai wanda ya koyi tuƙi a mota mai kuloci, da ya koma otomatik ƙafar hagu ta rasa aiki, sai ya ɗora ta a kan birki. A ganinsa bai taka ba, amma nauyin takalmi kaɗai ya isa ya sa fad ya riƙa shafar faifai tun daga Kubwa har sakatariya. Da daddare ana gane su: mota tana ƙara gudu, jan fitilunta na baya a kunne. Akwai kuma wanda ke sauko da gangaren Mpape ko na hanyar Bwari zuwa Dutse da birki kaɗai, alhali motar tana da hanyar sauko da giya da hannu don inji ya riƙe ta. Tsofaffin direbobin tirela da suka san Hawan Kibo suna da ƙa'idarsu, cewa giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. Ƙa'idar ba ta tsufa ba don mota ta zama otomatik.

Amma ƙafar direban gida ba tasa ba ce shi kaɗai. Wa ya fito a makare ya ce jirgin ƙasan Kaduna ya kusa tashi daga tashar Kubwa? Wa ke cewa "wuce shi mana, me kake jira"? A ayarin manya abin ya fi muni. Motar rakiya dole ta manne wa ta oga don kada wani ya shiga tsakani, kuma wanda ya manne wa mota a guje ba shi da damar ɗaga ƙafa ya bar ta ta rage da kanta. Totur, birki, totur, birki, jiniya na kuka. Direban da ya bar tazara za a ce ba shi da kuzari. Wanda ya manne, bayan wata uku a ce ya cinye birki. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kowa ya take nasa ya hango na wani, kuma daga kujerar baya ana hango ƙeyar direba sosai.

Akwai kuma mai taka birkin da ba a gani. Motocin zamani kwamfutarsu tana matse taya ɗaya-ɗaya da kanta: in an sha kwana da gudu don kada doguwar mota ta kife, in taya ta yi santsi a taɓon unguwannin Byazhin da damina, in an kunna na'urar da ke riƙe gudu tana auna tazarar motar gaba. A wannan aiki tayoyin baya suna shan kaso mai yawa. Shi ya sa a wasu sababbin motoci fad na baya kan riga na gaba ƙarewa, abin da tsohon bakanike zai rantse ba ya yiwuwa. Motocin Turai kuma, irin su Range Rover da Mercedes da BMW, an san su da fad mai laushi mai kamu da ƙarfi, wanda aka yi da tunanin titunan Jamus da wasu sassansu ba su da iyakar gudu. Baƙar ƙurar da ke ɓata musu rim, naman fad ne da na faifai. Mai motar yana son birki mai kamawa nan take ba tare da ƙara ba, ya samu, kuɗinsa kuwa shi ne saurin ƙarewa. In ya cire rim ɗin kamfani ya ɗaura mai inci 22 don ado, ya ƙara wa birki wani nauyin mai juyawa.

Duk waɗannan suna cin fad ne bai ɗaya, dama da hagu, ciki da waje. Shi ya sa bakaniken ya jera huɗun a kan kwali. Tsohon fad yana ɗauke da tarihin abin da ya same shi, kuma karanta shi ba ya bukatar digiri. In huɗun sun siɗe daidai wa daida, nauyi ne da hanya da ƙafa. In biyun gefe ɗaya sun ƙare na ɗaya gefen suna da nama, fistin ya maƙale ko tiyon mai ya toshe daga ciki, birki na kamawa ba ya saki. Irin wannan motar takan ja gefe, kuma bayan tafiya in ka kai bayan hannu kusa da rim, ba tare da ka taɓa ba, za ka ji ɗaya ya fi ɗaya huci. In fad ya ci a karkace kamar bakin gatari, bai zauna daidai ba ko kuma, a kalifa mai fistin huɗu, ɗaya ya daina motsi. In fuskarsa tana ƙyalli kamar tangaran, da 'yan tsage-tsage, faifan kuma ya yi shuɗi-shuɗi, ya ƙone. In akwai kunyoyi a jikinsa, tsakuwa ta shiga ko an ɗaura shi a kan tsohon faifai mai kaushi. In kuwa naman yana marmashewa ko yana ɓarewa daga ƙarfensa, jabu ne.

Na Alhaji ga yadda suke. Biyun hagu suna da rabin namansu. Na dama na waje shi ma haka. Na dama na ciki kuwa ya kusa kai ƙarfe.

Bakaniken ya ɗauko kalifar dama ya nuna wasu ƙusoshi biyu, wato fin, da take zamewa a kansu. Ɗaya ya fito da yatsa. Ɗayan sai da aka sa filaya aka murɗa, ya fito a bushe, ja wur da tsatsa, 'yar robar da ke rufe shi ta kumbura ta yage. Irin wannan kalifar fistin ɗinta a ciki yake. In an taka ya tura fad na ciki, ita kuma ta zame a kan ƙusoshin ta jawo na waje. In ƙusa ta maƙale, na ciki shi kaɗai ke aikin mutum biyu, kuma ba ya komawa baya sosai in an saki.

"Fad ɗin nan orijina ne, Alhaji. Kuɗinka ya isa inda ka aika shi. Wanda ya ɗaura ne bai wanke fin ba, kuma giris ɗin da aka taɓa shafa masa ba nasa ba ne."

Wannan ita ce cutar da na fi gani a garejojinmu, kuma maganinta bai kai kuɗin tuwon rana ba. Giris na gama-gari, wanda ake shafa wa boris, daga man fetur aka samo shi, yana kumbura roba. Ƙusoshin kalifa nasu dabam ne, mai jure zafi wanda ba ya cin roba. Da robar ta yage, sai yanayinmu ya ƙarasa aikin. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa da jar laka suna shiga, daga Disamba ƙurar hunturu ta bi, su haɗu su zama kamar siminti. Motar da aka shigo da ita ta Kwatano ko Legas daga jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a titi, sau da yawa da tsatsarta take isowa tun kafin ta ga Kubwa. Canjin fad na gaskiya ya haɗa da zare ƙusoshi, gogewa, duba robobi, kankare mazaunin fad, da auna faifai, don kowane faifai an buga masa mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa. Amma maigida yana tsaye yana duba agogo, yaro ya zare tsoho ya cusa sabo, minti ashirin an gama. A motocin da birkin hannunsu maɓalli ne, akwai ƙarin haɗari: sai an sa kwamfuta ta janye fistin na baya, wanda ya matsa shi da ƙarfin tsiya ya lalata 'yar motar lantarkin da ke ciki.

Wani ƙorafin da ke tafe da wannan shi ne sitiyari na rawa in an taka birki a guje. Nan take sai a ce faifai ya lanƙwashe. Galibi ba haka ba ne. In aka taka da ƙarfi daga babban gudu, sannan aka tsaya a danja ko shingen jami'an tsaro ƙafa na danne da birki, fad mai zafi yakan bar tambarinsa a wuri ɗaya, daga nan faifan ya riƙa ci ba daidai ba. Mai faci ma yana da hannu, in ya zura bututu a sifana ya hau kai da ƙafa, noti ɗaya ya fi ɗaya ɗauri. Haka masu wankin mota da ke fesa ruwan sanyi a faifan da ya sauko daga titi yana huci. Minti goma na jira a inuwa ya isa.

Da fad ɗin Alhaji jabu ne, da labarin ya canza, kuma hakan na faruwa. A Zuba da Apo, kamar Ladipo a Legas da Ƙofar Ruwa a Kano, akwai mai kyau akwai mai bi masa akwai na banza, wani lokaci cikin kwali iri ɗaya. 'Yan kasuwa da yawa ba sa ɓoyewa, za su tambaye ka wanne kake so. Matsalar tana wajen ɗan aike da aka ba kuɗin na ɗaya ya sayo na uku, da kuma maigidan da ya ji farashin na ɗaya ya ce a nemo mai sauƙi. A Turai tun 1999 doka ta ce fad na canji sai an gwada shi bai kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin 100 ba, sannan a buga masa alamar R90. Ganin alamar yana da amfani, sai dai mai buga kwalin jabu ba ya jin nauyin buga ta ita ma. Abin da ya fi tabbas shi ne a sayi kaya da lambar shasin motar, a wurin da zai ba da rasit kuma gobe yana nan, don mota iri ɗaya da aka yi wa kasuwar Amurka da wadda aka yi wa ƙasashen Larabawa ba lallai birkinsu ya zo ɗaya ba.

A nan akwai abin da ke damuna fiye da aljihun Alhaji. Na ga yaron garejin, bai fi shekara goma sha biyar ba, ya sunkuya ya hure ƙurar kalifa da bakinsa. Shekaru da yawa da asbestos ake yin fad, ma'adinin da zarensa ke maƙalewa a huhu ya haifar da ciwo, har da daji, bayan shekara ashirin ko talatin. Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya daga 2005, amma ba duk ƙasashen da ke ƙera kayan arha ne suka bi ba, kuma ido ba ya bambance wanda ke ɗauke da shi. A jiƙa ƙurar a goge da tsumma, kada a hure, kada a busa da iskar kwamfireso. Mai gareji da ya koya wa yaransa wannan ya yi musu abin da ya fi kuɗin sallama.

Bakaniken bai tsaya a fad ba. Ya buɗe bonet ya leƙa robar man birki, ya ga man ya yi duhu kamar shayin da ya kwana. Man birki yana shan damshin iska a hankali. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa kashi 3 zuwa 4 cikin 100 yana iya saukowa 155. DOT 3 daga 205 yake faɗowa 140. To ga kalifa da ta maƙale tana dafa man tun safe, ga gangara, ga tan uku. In ya tafasa sai ya yi kumfa, kumfa kuwa matsuwa take yi, direba ya taka ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu komai. Shi ne ake cewa birki ya tsinke, a ce tsautsayi. Yawancin kamfanoni suna cewa a zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Mu kuwa ƙari muka sani. Ƙarin ma yana ɓoye alama, don saukar man a hankali sau da yawa shaida ce cewa fad na siɗewa. Fad ɗin da ya ƙare a wata huɗu ya yi wa Alhaji gata da ya yi ƙara. Da shiru ya yi, wataƙila a mahaɗar Dutse za a ji labarin, inda mata da 'yan makaranta ke tsallaka titi.

Alhaji ya daɗe yana jujjuya ƙusar mai tsatsa a hannunsa. Sai bakaniken ya ɗauki ɗaya daga fad na hagu ya karkata shi ga rana, fuskarsa ta yi ƙyalli.

"Wancan laifin gareji ne. Wannan kuma, rabi a wata huɗu, ga shi ya ƙone. Wannan gudu ne."

Direban bai ɗaga kai ba. Alhaji ma bai ce komai ba. Ya biya kuɗin fad da ƙusoshi da robobi da man birki ba tare da ya nemi ragi ba, aka aika yaro da babur. Wajen azahar da aka ɗaura tayoyi, bakaniken da kansa ya bi notocin da sifana mai awo, ɗaya nan ɗaya can. Alhaji ya zaro kuɗi ya miƙa wa direbansa.

"Malam, tun safe ba ka ci komai ba. Je ka ci abinci, ina nan."

Da direban ya dawo, ya tattara tsofaffin fad huɗun ya ƙulle a leda ya sa a but. Bakaniken ya leƙo ta taga yana goge hannu.

"Sabon fad sai ya zauna. Kilomita 200 zuwa 300 na farko a bi shi a hankali, ban da taki mai ƙarfi sai dole, a bar tazara."

"To, Oga," in ji direban.

Bakaniken ya matsa zuwa tagar baya.

"Alhaji, da kai nake."

Alhaji ya gyaɗa kai, ya ɗaga gilashi. Motar ta fita a hankali ta bi layin gefe zuwa babban titi.